Zoben da Ya Maƙale a Gindin Ƙwarya

Ni ban yi boko ba, allon ma ban daɗe a kansa ba, amma duk wanda ya san ni a Bagudo ya san kaina ba ya zubar da abu. Abin da idona ya gani sau ɗaya ya zauna ke nan. Ki jera kwanoninki in shigo in fita, ki rushe su, zan dawo in mayar miki da kowanne gurbinsa. Da wannan nake taƙama tun ina budurwa a Bahindi, kuma wannan taƙamar ce ta kusa kashe mini miji.

Maigidana yana da wani jan babur tsohon yayi, mai ƙaton tanki da fitila kamar faranti. Hannu na biyu ya saye shi, shekarar da na haifi 'yarmu ta biyu, wadda yanzu ita ma ta aurar da tata 'yar. 'Yan kabu-kabu suna yi masa dariya, wai ya kai shi gidan tarihi, shi ko a jikinsa. Bai taɓa yarda wani bakanike ya buɗe masa inji ba, da hannunsa yake yin komai. Ni kuwa na san muryar babur ɗin nan kamar yadda na san tarin mai shi. In ya fita ina tsakar gida ina bin sa da kunne: giya ta ɗaya a ƙofar gida, ta biyu wajen masallaci, ta uku in ya wuce injin niƙa, ta huɗu in ya hau kwalta. Daga nan sai ƙarar ta ɓace, in koma kan aikina.

Abu ɗaya ne na san yana tsoro a duniya. Mahaifinsa da ya tsufa kansa ya kwance, ya riƙa fita ba ya gane hanyar gida, har ya kai yana tambayar 'ya'yansa su 'ya'yan wane ne. Tun daga nan, in maigidana ya manta inda ya ajiye hularsa, sai ya wuni ba ya magana.

A daminar da nake ba ku labari, babur ya fara tsalle daga giya. In ya sa ta biyu sai ta kuɓuce, injin ya kwarma ihu a banza, babur ba ya gaba. Wata safiya ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin rumfa, ya tsiyaye baƙin mai a tsohon gwangwani, ya raba injin biyu kamar an fasa kabewa. Ya ɗago wata giya ya nuna mini.

"Duba nan. Haƙoran da ke kama 'yar uwarta sun sule. Sun zama irin na tsofaffin mata."

Na ce, "Nawa dai suna nan, Malam, da su nake cin goronka."

Yana da yadda yake aikinsa. Ba ya rubutu, ba ya ɗaukar hoto kamar mutanen yanzu. Duk ƙarfen da ya zaro sai ya ajiye shi a tabarma, daga gabas yana yin yamma, na farko a farko, na ƙarshe a ƙarshe, kuma fuskar da ke kallon waje ita ke kallon sama. In zai mayar sai ya faro daga yamma. Yakan ce tabarmar nan ita ce littafinsa. Ranar tabarmar ta cika fal: manyan giyoyi da ƙanana, sanduna biyu, wasu ƙarafa masu baki biyu kamar gwafa, da zobba sirara a tsakankaninsu, duk sun yi dumu-dumu da baƙin mai domin bai wanke ba tukuna.

Irin kayan babur ɗinsa sun ƙare a wajenmu tuni. Sai an ƙetara iyaka, can Benin, inda wani Badende, ɗan ƙabilar Dendi, ke tara gawarwakin tsofaffin babura a bayan gidansa. A garin ne kuma ƙanwar maigidana ke aure, sai ya ce zai kwana wurinta. Ya sa giyoyi biyun da sunka cinye a aljihu, ya rufe tabarma da leda, ya danne da duwatsu.

"Kada kowa ya taɓa. Ko kaza."

"Na ji."

Bayan la'asar hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin. Iskar farko ta fizge ledar ta haura da ita katanga. Ruwan kuma bai zo a tsaye ba, a kwance ya zo, ya shiga rumfar kamar babu ta. Na ga tsakar gida ta fara gudu, ruwa ya ɗago bakin tabarma, ƙananan zobban nan sun fara motsi. Na tsaya na kalli jerin sau ɗaya, daga gabas zuwa yamma, na ɗauko tsohuwar ƙwaryar da nake dama wa awaki dusa, na kwashe su kaf na yi ɗaki.

Har nan ban yi laifi ba. Ko shi ne abin da zai yi ke nan.

Washegari da rana ta fito na shanya tabarmar, na mayar da ita gurbinta, na zauna na jera. Wallahi hannuna bai yi gardama ko sau ɗaya ba. Wannan a nan, fuskarsa sama, wannan na biye da shi, ga gurbi biyu na waɗanda ya tafi da su. Da na gama na ja baya na duba, raina ya yi fari. Na karɓo ledar daga maƙwabta na rufe, na mayar da duwatsun. Ƙwaryar kuma na kife ta bayan rumbu, don man ya tsane.

Da ya dawo ya ɗaga ledar ya daɗe yana kallo.

"An yi ruwa a nan?"

"An yi."

"Ba wanda ya taɓa dai?"

Na ce, "Wa zai taɓa?"

Kun ji inda na yi laifin. Ba tsoronsa nake ji ba, mutum ne mai sanyin hali. So nake ya haɗa babur ɗinsa ya hau ya yi wata guda, sannan wata rana muna cin tuwo in ce masa, ka san kuwa littafin nan naka ni na sake rubuta shi?

Kwana biyu ya yi yana haɗawa. Ya wanke kowane ƙarfe da kananzir, ya faro daga yamma ya ƙare a gabas, tabarma ta tashi babu ko ƙusa. Ya zagaya unguwa sau uku, giya ta biyu ta kama daram. Ya sami ƙanwar tasa ba ta da lafiya a waccan tafiyar, ya kuma yi mata alkawarin shinkafa. Ranar Alhamis bayan sallar asuba ya ɗaura rabin buhu a baya ya kama hanyar iyaka. Na bi shi da kunne har ta huɗu.

Da hantsi awaki sunka dame ni da kuka. Na zaga bayan rumbu na ɗauko ƙwaryar, na birkice ta zan zuba dusa. Sai na ga wani abu ya maƙale a gindinta cikin busasshen mai. Na sa farce na ɓamɓaro. Zobe ne na ƙarfe, siriri kamar ɓawon albasa, gefe ɗaya ya yi santsi yana ƙyalli.

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Na rufe ido na bi tabarmar a kaina, daga gabas, ɗaya bayan ɗaya, sai ga gurbinsa ya fito mini ƙarara: tsakanin babbar giya ta uku da gurbin wadda ya tafi da ita. Gurbi biyu ne manne da juna, ni kuwa na ɗauke su ɗaya.

Na ce wa kaina abu ne ɗan mitsitsi, me zai hana, me zai sa? Ai ya zagaya unguwa lafiya. Har na nufi masai da shi in jefa. A bakin ƙofar na tsaya. Mutumin da ya shekara arba'in yana ajiye kowane ƙarfe da fuskarsa sama, ba don wasa yake yi ba. Na ƙulle zoben a bakin mayafina na fita, ko ƙofa ban ja ba.

Akwai wani bakanike kusa da tasha, magidanci ne, ɗan gidan maƙera. Ni ta wajen uwa Bafulatana ce, saboda haka akwai wasa tsakaninmu, ba na wuce rumfarsa ba mu taɓa ba. Yana hango ni ya fara.

"A'a, yau Fulani sun shigo gari da wuri! Inna, nono kinka kawo, ko an zo roƙon lauje?"

Da wata rana ce da na ce masa ya fara wanke hannu kafin ya gaida mutane. Na kwance mayafi na miƙa masa.

"Mi ne ne wanga?"

Ya juya shi a tafin hannunsa. "Washa ce ta gidan giya. Tsohuwar yayi ma kuwa. Ina kinka same ta?"

"In babu ita fa?"

Ya dube ni, dariyar ta bar fuskarsa. Ya ɗaga hannuwansa biyu ya ware yatsu, ya sa zoben tsakani. "Kin ga, Inna, ita ke hana wagga giya jingina da wagga. In babu ita sai su riƙa matsowa kaɗan kaɗan. Ana iya yini ana tafiya ba a ji komai ba. Ran da tsautsayi ya zo, biyu su kama lokaci guda." Ya sarƙe yatsunsa. "Tayar baya ta tsaya cak. Ko da gudu kake."

"Sai mi?"

Ya ce, "Ta Baba ce? Yana ina?"

"Ya tafi Benin tun asuba."

Ya zaro waya ya kira, ya sake kira. A kashe take. Haka maigidana yake yi in zai yi tafiya, wai kada caji ya ƙare masa a hanya.

Bakaniken ya jefar da sifanar da ke hannunsa ya jawo mashin ɗinsa. "Koma gida, Inna. Baba ba ya gudu, kuma ba ya wuce mutum bai gaisa ba. In Allah ya so zan cim masa."

Na ce, "Ni na ɗauka, ni zan kai."

Tun da nake ban taɓa hawa bayan wani namiji ba in ba mijina ba. Ranar na hau, a tsakiyar tasha, mutane na kallo, na riƙe ƙarfen baya da hannu ɗaya, ɗayan yana kan ƙullin mayafi.

Ban san hanyar nan tana da tsawo haka ba. Duk inda na hango mutane sun taru sai in ce shi ne ya faɗi, sai mun matso in ga masu jiran mota ne, ko masu cinikin kifi. Wani mai sayar da fetur a kwalabe ya ce tsohon mai jan babur ya wuce, har ya tsaya sun gaisa, ya tambayi lafiyar mahaifin mai fetur ɗin. Na ji sanyi kaɗan, kafin mu yi nisa sanyin ya tafi, domin wucewar ɗazu ba ta ce komai a kan yanzu ba. A kan gada ban kalli gabana ba, ƙarafan gefe nake bi da ido ko zan ga inda anka buge, ga kogi ya cika ya yi ja yana juyi a ƙasa. Duk addu'ar da na iya ta gudu daga kaina, ni mai taƙama da kai. Innalillahi kawai nake maimaitawa. A shingen ma'aikata wani ya ce, "Baba mai tsohon ƙarfe? Bai daɗe ba, ku ƙara wuta."

Mun yi tafiya kamar ta dahuwar shinkafa daga nan, sai na ji bakaniken ya saki mai. Ban tambaye shi ba, na leƙa ta kafaɗarsa. Wani baƙin layi ne a kan kwalta, ya miƙe sannan ya karkace ya sauka cikin yashin gefe. Inda ya ƙare shinkafa ce warwatse, fari fat, kurciyoyi sun sauka suna tsattsaga. Ga hularsa can a kan ciyawa. Ni na wanke ta ranar Talata.

Bakaniken ya sauka. Ni ban sauka ba. Ina zaune a kan mashin ɗin ina kallon hular, ina jin kurciyoyin nan, na ce a raina shi ke nan, na kashe shi da ƙwaryar dusa, kuma ya tafi bai san ni ce ba.

Wata mata ce ta ƙwala mana kira da Fulatanci daga wajen wata ɗorawa, tana yafuto mu. Ban san yadda na isa ba.

Yana zaune ya jingina da gindin itacen. Hannun rigarsa ya yage, fatar ta saluɓe daga gwiwar hannu har wuyan hannu, an ɗaure masa da tsumma. Gwiwar ƙafarsa ta dama ta kumbura kamar tulu. Makiyaya biyu na tsugune gefensa, mata sun kawo ruwa, babur ɗin an jingine shi can. Ɗaya daga cikin makiyayan ya ce shanunsu ne ke ƙetare hanya, Baba ya rage gudu sosai, yana taka giya sai sunka ji ƙara kamar an karya ƙashi, babur ya ja shi ƙasa. Ya ce da ba don shanun ba, da yana cikin gudunsa ne, sai dai wani labarin.

Maigidana ya ɗago ya gan mu. "Har labari ya kai gida?"

Na durƙusa gabansa. Shi kuma ba ni yake kallo ba. Ya yafuto bakaniken da hannu.

"Ɗana, ka ɗauke babur ɗin nan. Ka sayar ko ka fasa, na bar maka."

"Haba Baba, ai gyara ne."

"A'a. Na bar wani abu, ko na juya wani abu, ban sani ba. Tun da na faɗi nake bin tabarmar nan a kaina, na bi ta ya fi sau goma, ban ga inda na kauce ba." Muryarsa ta yi ƙasa. "Ban ma san na manta ba. Haka mahaifina ya fara."

Na taɓa ganin mutumin nan maciji ya sare shi a gona, ban ga abin da na gani a idonsa ranar ba.

Bakaniken ya saci kallona, sannan ya sunkuyar da kai. "Baba, ƙarfe ne fa. Ƙarfe in ya tsufa yakan yi haka ba laifin kowa." Na gane ƙofa ce ya buɗe mini. Kuma ba zan ɓoye muku ba, na leƙa ta. In na yi shiru ba wanda zai sani sai ɗan maƙera, shi kuwa ba zai faɗa ba. Babur zai bar gidana, ba zan sake zama ina bin ƙara da kunne ba. Mijina zai zauna a gida lafiya, yana jiran ranar da zai kasa gane 'ya'yansa.

Ƙullin mayafin ya ƙi kwantuwa, sai da na sa haƙori. Na ajiye zoben a tafinsa.

"Malam, ba kanka ba ne. Ran da anka yi ruwa ledar ta tashi, na kwashe kayan a ƙwarya, na mayar. Wanga ya maƙale. Yau na gan shi."

Ya daɗe yana kallon zoben. Ya juya shi, ya shafa gefen mai santsi da babban yatsa.

"Duka kinka kwashe?"

"Duka."

"Kinka mayar da ka?"

"Da ka."

"Na tambaye ki."

"Ka tambaye ni."

Matan nan sun ji, makiyayan sun ji. Da ƙasa ta tsage da na shige. Sai na ji ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya, ya jingina kansa da itacen ya rufe ido. "Alhamdu lillahi," in ji shi. "Ashe ba kaina ba ne. Alhamdu lillahi." Hawaye na bin gemunsa. Can ya buɗe ido ɗaya ya dube ni. "Ke kuma sai mun je gida."

Wata motar ɗaukar kaya ce ta kwaso mu da babur ɗin zuwa asibiti. Da anka gama wanke masa ciwon, hankali ya ɗan kwanta, bakaniken ya matso kusa da ni ya rage murya. "Inna, daga yau a bar wa Fulani ƙwarya, a bar wa maƙera ƙarfe." Har yau yana yi mini gori da ita, wai shi kaɗai ne a Bagudo ya taɓa rufe mini baki.

Faɗan da ya ce sai mun je gida bai zo ba. Da ya zo da ya fi mini sauƙi. Kwana tara yana cin abincina, yana amsa gaisuwata, ba ya ƙara komai. Hannun ya warke ya bar tabo. Gwiwar ce ba ta koma daidai ba, har yau in zai yi zaman tahiya sai ya miƙe ƙafar dama gefe. Sau biyar a rana nake ganin aikina.

Da ya fara takawa ya sa anka shimfiɗa tabarma. Sabuwar giyar da ya sha wahalar samowa haƙoranta biyu sun karye, ƙarfe ɗaya mai baki biyu ya lanƙwashe. Bakaniken ne ya ƙetara Benin ya samo wasu. Ranar haɗawa ina bakin murhu na ji ya ce, "Ke. Zo ki zauna. Hannuna ba ya matsewa."

Na zauna. Ni na wanke su da kananzir, yana nuna mini da baki ina zurawa a sanda, daga yamma muna yin gabas. Da munka zo wurin ya zaro zoben daga aljihu ya miƙo mini.

"Ina gurbinsa?"

Na nuna.

"Wace fuska?"

"Mai santsin tana kallon babbar."

Bai ce na yi daidai ba. Ya ce, "Sa."

Yana hawa har yanzu, duk da gwiwar. Ban taɓa ce masa ya bari ba, ba ni da bakin faɗa. In ya fita nakan ajiye duk abin da ke hannuna in tsaya a tsakar gida. Ta ɗaya a ƙofa, ta biyu wajen masallaci, ta uku bayan injin niƙa, ta huɗu a kwalta. Da can in ƙarar ta ɓace sai in koma kan aikina. Yanzu takan ɓace ina nan tsaye.